Kusurwa: Darasin da Na Koya a Hausarin Garwa

Hutun zango na biyu na bara a Garwa na yi shi, a gidan yayana da ke unguwar Hausari. Duk wanda ya san garin ya san yadda ƙarshen Maris da farkon Afrilu suke a can. Ruwan Binuwai ya ja baya har yashi ya fito fili, rana tana dukan kwanon rufi tun da hantsi, da dare kuma kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. A irin wannan dare ne yayana ya miƙo mini wata takarda, ya haska ta da fitilar wayarsa, ya ce, “Kai da ka yi boko, duba mini wannan.”

Takardar jarrabawar lissafi ce ta ’yarsa ta ƙarshe, wadda duk gidan muke kira Auta. Shekarunta goma sha ɗaya, tana aji shida na firamare, wanda a tsarin Faransanci na Kamaru ake kira CM2. A ƙarshen wannan aji ne yaro yake rubuta jarrabawa biyu: ta samun takardar shaidar firamare, wato CEP, da ta shiga ajin farko na sakandare. A sashen ƙidaya Auta ta yi ƙoƙari. A sashen zane da awo kuwa, jan biro ne daga sama har ƙasa. Tambaya ɗaya ce ta fi tsaya mini a rai. Malamin ya zana siffofi biyu, kowacce layuka biyu ne da suka haɗu a baki ɗaya. Ta farko layukanta dogaye ne, amma a tsuke suke. Ta biyu layukanta gajeru ne, amma a wage. Aka ce ta nuna “angle” ɗin da ya fi girma. Auta ta zaɓi mai dogayen layuka, malamin ya soke.

Yayana magini ne, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya karɓi takardarsa ya ninke, ya ce, “Idan ba ta ci ba, ba zan sake ɗaukar ɗawainiyar maimaita aji ba. Ta zauna ta taya uwarta aikin ƙuli-ƙuli, ta ci gaba da allonta.” Bai faɗa da fushi ba. Lissafin littattafai da tufafin makaranta yake yi, ga yayyenta uku a gabansa. Labulen ɗakin uwar ya ɗan motsa, na san ta ji.

Washegari da safe na zaunar da ita, na yi abin da na ɗauka shi ne taimako: na fassara. Na ce mata, “Abin da suke kira ‘angle’ shi ne kusurwa. Ba ki san kusurwa ba?” Ta ce ta sani, ta nuna inda tsintsiya take jingine a ɗakin. Na ce madalla, to wace kusurwa ce ta fi girma a cikin zanen? Ta dube ni ta ce, “Bappa, ai kusurwa ba ta da girma. Ɗaki ne yake da girma.” Na sake bayani, na ƙara murya kamar yadda aka ƙara mini murya ina yaro, ta sunkuyar da kai ta ce ita dama kanta ba ya ja. Muka tashi babu abin da aka ƙulla.

Da na kwanta da rana ina juya maganarta, sai na ga ita ce ke da gaskiya, kuma ɗalibin Hausa zai iya tabbatar da haka da kansa. Kusurwa, jam’inta kusurwoyi, a bakin Bahaushe wuri ce. Inda bango biyu suka haɗu nan ne kusurwar ɗaki, inda ake girke randa. Idan muka ce kusurwoyi huɗu na duniya, gabas da yamma da kudu da arewa muke nufi. ’Yan uwanta ma wurare ne: lungu, da saƙo, da ƙurya, da kwana da muka aro daga Turanci, wato inda hanya ta karya. Ana zama a kusurwa, ana ɓuya a lungu. Ban taɓa jin wanda ya ce kusurwar ɗakinsa ta ninka ta maƙwabcinsa ba. Faransanci yana da kalmomi biyu a nan: “coin” ita ce aka fi ji a gida ga wurin ajiye tsintsiya, “angle” kuma ita ce ta littafin lissafi. Ni na ɗauki biyun na zuba su cikin kalma ɗaya, na kuma sa rai yarinya ta raba su da kanta.

Ba Hausa kaɗai ce ta bi ta nan ba. Kalmar “angle” daga Latin ta fito, inda asalinta lungu take nufi. A Larabci kalmar lissafin ita ce “zawiya”, wadda mu muka sani da zawiyya, wurin da ’yan ɗariƙa suke taruwa, domin asalin ma’anarta kusurwar da mutum yake keɓewa a ciki. Kalmar Girkawa, “goniya”, dangi ce ga kalmarsu ta gwiwa. Kowane harshe ya ɗauki kalmar gida ya ba ta sabon aiki. Wanda ya koyi lissafi da harshensa yana ganin lokacin da aka ɗora wa kalmar wannan aiki. Auta kuwa Hausa take yi a gida, Fulatanci a titi da kasuwa kamar kowane ɗan Garwa, Larabci a makarantar allo, Faransanci a aji. Kalmar ta zo mata a harshe na huɗu, babu abin da za ta jingina ta da shi sai zanen da ke kan takarda, kuma abin da ido yake fara gani a zanen shi ne tsawon layuka.

Matar yayana ce ta warware matsalar ba tare da ta sani ba. Da yamma zafi ya ishe ta, ta ɗaga murya daga ɗaki: “Auta, buɗe ƙyauren nan sosai mana, iska ta shigo!” Yarinyar ta tashi ta tura shi har ya kusa kwanciya a jikin bango. Ƙyauren ɗakin ɗan ƙarami ne na katako. Na waiga na ga ƙyauren gidan, babba na ƙarfe, wanda aka ɗan sassauta kaɗan don kada awaki su shigo. Na kira ta na ce, “Tsakanin wannan da wancan, wanne ya fi buɗewa?”

Ta ce, “Na ɗaki mana, Bappa.”

“To wanne ya fi girma?”

“Na waje.”

“A cikin tambayoyin nan biyu, wacce malaminku ya yi miki?”

Ta yi shiru tana duban ƙyauren. Can ta ruga ta ɗauko almakashin uwarta da ƙaramin almakashinta na makaranta, ta wage ƙaramin, ta ɗan buɗe babban, ta ɗora su a tabarma gefe da gefe. Siffofin takardar jarrabawa ne sak. Ta ce, “Ashe buɗewar yake tambaya. To me ya sa bai faɗa ba?”

Abin da na gano ranar shi ne, Hausa ta san wannan awo sarai, amma a cikin aikatau ta ajiye shi. Dubi waɗannan: buɗe, tsuke, wage, juya, waiwaya, karkata, jirkice, jingina, sunkuya, rusuna, tanƙwara, lanƙwasa, miƙe. Kowanne yana karɓar “kaɗan” da “sosai”, wato kowanne yana da mizani. Mace takan karkata ɗankwali kaɗan don ado. Mai hawa tsani ya san idan ya cika miƙewa zai kife da shi, idan ya cika kwanciya zai zame. Mai karin magana da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ya san tanƙwarawa tana da iyaka. A ƙauyukan da ke kan hanyar Pitowa za ka ga zagayayyun ɗakuna marasa kusurwa ko ɗaya, amma mai yin jinka ya san yadda zai karkata ta don ruwan damina ya gangare bai tsaya ya ruɓar da ciyawa ba. Shi kansa Iƙlidis, wanda ya tsara littafin ilimin awo a birnin Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, da karkatar layi ɗaya zuwa ga ɗan uwansa ya bayyana ma’anar kusurwa. Da na fara da aikatau, da ban sa yarinya sunkuyar da kai ba.

Daga nan muka koma ga ƙyaure da gawayi. Ta rufe shi, muka ja layi a ƙasa a bakin ƙofa. Ta buɗe shi har ya tsaya cak yana fuskantar tsakar gida, bai karkata ga bangon dama ko na hagu ba, muka ja layi na biyu. Ta tura shi har ya kwanta a jikin bango, muka ja na uku. Sannan na sa ta tsaya tana fuskantar gabas ta juya a hankali har ta dawo gabas. Wannan juyi ɗaya ke nan cikakke. Kwanciyar ƙyaure a bango rabin juyi ce, tsayuwarsa cak kuma kwata. Sai bayan ta riƙe wannan na kawo lambobi: an raba cikakken juyi kashi 360, kowane kashi sunansa digiri. Rabi 180 ne, kwata 90. Ta tambaye ni dalilin da ya sa ba a raba shi ɗari ba kamar sauran abubuwa. Na ce mata gado ne daga mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda suke ƙidaya da sittin-sittin, kuma su ne suka bar mana minti 60 a cikin awa. Lambar tana da daɗin rabo: daga ɗaya zuwa goma, bakwai ce kaɗai ba ta raba 360 daidai. Larabawa suna kiran digiri “daraja”, wato matakala ɗaya ta tsani, kalmar da mu muka ɗauka muka ba matsayin mutum.

Hausa ma tana da nata rabon juyin. Tsakanin arewa da gabas akwai arewa maso gabas, haka kuma sauran ukun. Kalmar “maso” tana yanka kowace kwata biyu, ta ba mu fuskoki takwas, tsakanin kowace da mai bi mata digiri 45. Auta ta san wannan tun kafin ta shiga aji shida, ba a dai taɓa gaya mata lissafi ba ne.

Matsala ta biyu tana cikin sunayen da littafinta ya ba ire-iren kusurwa. Mai digiri 90 ana kiranta “angle droit”. To a Faransanci kalmar nan tana nufin miƙaƙƙe, ’yar uwarta “droite” kuma tana nufin hannun dama, tana kuma nufin miƙaƙƙen layi. Auta ta ɗauka dole irin wannan kusurwa ta zauna a miƙe a shafi, bakinta yana duban dama. Da zarar malami ya jirkita zanen sai ta ce ba ita ba ce. Muka zauna muka raɗa musu sunaye na cikin gida, daga aikatau ɗin da muka riga muka yi aiki da su. Mai digiri 90 muka ce mata tsayayyiyar kusurwa, saboda ƙyauren da ya tsaya cak, kuma na ji daɗi da na tuna Larabci ma “ƙa’ima” yake ce mata, wato mai tsayuwa. Wadda ba ta kai 90 ba, tsukakkiya. Wadda ta wuce 90 amma ba ta kai 180 ba, buɗaɗɗiya. Mai 180 cif, shimfiɗaɗɗiya. Ɗalibi zai lura duk siffofin nan huɗu a ƙira ɗaya suke: tsaya, tsayayye, tsayayyiya, tsayayyu, tsuke, tsukakke, tsukakkiya, tsukakku, shimfiɗa, shimfiɗaɗɗe, shimfiɗaɗɗiya, shimfiɗaɗɗu. Ƙira ce da take nuna halin da abu ya shiga bayan aiki ya faru a kansa, don haka sunan yana ɗauke da motsin a cikinsa. A gefen kowane suna ta rubuta na Faransancin, domin da shi za a yi mata jarrabawa.

Don ta daina jin tsoron jirkitaccen zane, na yago wata tsohuwar takarda da ba ta da gefe madaidaici ko ɗaya, na sa ta ninke ta sau ɗaya, sannan ta sake ninkewa yadda karin farko zai hau kan kansa. Bakin da ya fito tsayayyiyar kusurwa ce, ko ta wace fuska aka juya ta. Ta shiga zagaya gida da ita tana gwadawa: littafi, tagar ɗaki, bakin tebur, tubalin siminti. Da ta isa madafa sai ta tarar takardar ba ta zauna ba, akwai rata. Ta zo da gudu ta ce wa mahaifinta, “Baba, kusurwar madafa buɗaɗɗiya ce!” Yayana ya dubi takardar, ya dubi bangon, ya ce, “Wannan bangon ba ni na gina shi ba.” Duk gidan aka yi dariya. Da safe kuwa ya ce ta shirya, ita da ni, mu raka shi wurin aiki.

Wani fili ne a Jambutu inda zai fitar da harsashin gida. Ya kafa turaku, ya ja igiya biyu da suka haɗu a wuri ɗaya. Daga mahaɗar ya auna santimita 60 a kan igiya ɗaya ya sa alama, ya auna 80 a kan ɗayar ya sa alama, sannan ya auna tsakanin alamomin biyu. Ya sami 103. Ya ce wa yaronsa, “Ta buɗe, matso da ita.” Aka matsa turken, ya sake aunawa, 98. “Ta tsuke, saki kaɗan.” A karo na uku awon ya ba da 100 daidai, ya buga turken ya zauna. Auta ta dube ni, na dube ta. Kalmomin da muka kwana biyu muna nema su ne a bakinsa kullum.

Ta ɗora ninkakkiyar takardarta a mahaɗar igiyoyin, ta zauna daram. Na nuna musu lissafin a ƙasa da tsinke: 60 sau 60 ya ba da 3,600, 80 sau 80 ya ba da 6,400, a haɗa su a sami 10,000, wanda shi ne 100 sau 100. Ƙa’ida ce da ake jinginawa ga Pitagoras, Bagirken da ya rayu a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake allunan yumɓu na Babila sun nuna an san ta fiye da shekara dubu kafin shi. Yayana ya ce shi a wurin ubangidansa ya koya yana ɗan shekara goma sha biyar, kuma abin da ya sani shi ne idan aka yi sakaci da santimita ukun nan, mai sa tayil zai yi ta yanka a karkace har ƙarshen ɗaki, kwanon rufi kuma ba zai zauna daidai ba. Sai ya tambayi Auta, “Wannan ne abin da ya kayar da ke?” Ta ce shi ne. Ya daɗe yana duban igiyar bai ce komai ba.

Saura ma’aunin kusurwa, ɗan rabin da’irar roba da ake sayarwa tare da rula. Yana da jerin lambobi biyu, ɗaya ya taso daga dama, ɗaya daga hagu, don haka a wuri guda za ka ga 60 da 120. Nan ne yara da yawa suke faɗuwa. Dabarar da muka tsayar ita ce, kafin ta ɗora ma’aunin, ta fara yanke hukunci da ido: tsukakkiya ce ko buɗaɗɗiya? Idan tsukakkiya ce, ƙaramar lambar ce amsa. Yayyenta maza, da suka ga abin ya zama wasa, suka kawo nasu misalin daga filin Rumde Ajiya, inda suka ga Nijeriya ta ci Masar ɗaya da nema ranar 11 ga Janairun 2022 a gasar cin kofin Afirka. Faɗin raga mita 7.32 ne. Mai bugun daga kai sai mai tsaron gida yana tsaye a mita 11, kuma daga nan buɗewar da ke tsakanin turakun biyu kusan digiri 37 ce. Idan ɗan wasa ya gangara gefe, raga ba ta ragu ba, amma buɗewar ta tsuke, shi ya sa cin ƙwallo daga can yake da wuya. Wannan kusurwa ce da babu bango babu zane a cikinta, kuma Auta ta gane ta nan take.

Darasi na ƙarshe rana ce ta ba mu shi. Garwa tana kimanin digiri 9 da ɗan ɗori a arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara, a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana takan bi ta tsakar ka sosai. Muka kafa muciya a tsaye a tsakar gida, muka daidaita ta da takardar Auta. Jim kaɗan bayan ƙarfe goma sha biyu inuwarta ta shige ƙarƙashinta. Daga nan ta fara fitowa ta gabas, muna auna ta da igiya. Da ƙarfe uku da ’yan mintuna tsawon inuwar ya yi daidai da tsawon muciyar. Duniya tana juya digiri 360 a awa 24, wato 15 a kowace awa, don haka a awa uku rana ta sauko digiri 45, rabin hanya tsakanin tsakar ka da faɗuwa. Kakar Auta, mahaifiyarmu, tana zaune tana kallonmu, ta ce, “La’asar ta shiga ke nan.” Haka aka koya mata tun tana yarinya: idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage da tsakar rana, lokacin la’asar ya yi. A wannan rana babu ragowar inuwa, sai ƙa’idarta da lambarmu suka faɗa wuri ɗaya. Na ba Auta labarin wani masani a Iskandariya, Eratostenis, wanda fiye da shekara 2,200 da suka wuce ya auna irin wannan inuwa, ya sami kashi ɗaya cikin hamsin na cikakken juyi, wato digiri 7 da ɗan ɗori, ya kuma ƙiyasta kewayen duniya da shi.

Da za mu yi salla ta sake kawo tambaya: me ya sa muke cewa mun fuskanci gabas, alhali dardumar Baba a karkace take? Hausa takan ce gabas tana nufin alƙibla, amma daga Garwa alƙibla tana kimanin digiri 61 ne idan aka taso daga arewa aka juya zuwa gabas, wato ta karkata daga gabas ta ainihi zuwa arewa da kusan digiri 29. Daga Kano kusan 68 ce. Ta zana biyun a ƙasa da ma’auninta, ta ce, “Duk tsukakku ne.”

Ba na ɗora wa malaminta laifi. Yana da aji cike da yara masu harsunan gida daban-daban, kuma da Faransanci aka ce ya koyar. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan hukuma, ya kuma yi alkawarin kare harsunan ƙasa da bunƙasa su, dokar ilimi ta 1998 ma ta ambaci haka. A Nijeriya an gwada abin a aikace: daga 1970, a Ile-Ife, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara dukan shekaru shida na firamare da Yarbanci, har da lissafi da kimiyya, kuma sai da suka zauna suka ƙera kalmomin da za su yi aikin. Wannan zama shi ne aikin da yake jiranmu, mu masu nazarin Hausa. Abin da hutun nan ya koya mini game da shi ɗaya ne: nemo sunan da ya yi daidai da kalmar baƙi a ƙamus bai wadatar ba. Ni na yi haka a safiyar farko, fassarata daidai ce, kuma yarinyar ba ta ƙaru da komai ba. Sai an tambayi inda harshen ya riga ya ajiye ma’anar, ko da a aikatau ne, ko a bakin magini, a fara daga can, sannan a kawo sunan.

Ranar da zan koma Marwa, inda nake aiki, yayana ya raka ni tasha a kan babur. A hanya ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Idan ba ta ci bana ba, ta sake.” Ban ce komai ba, don na san ba ya son a yi masa godiya a kan irin wannan.

Ta ci jarrabawar biyu, tana sakandare yanzu. Amma ba ta bar ni na huta ba. Kwanan baya ta karɓi wayar mahaifinta ta kira ni ta ce, “Bappa, sunan nan da muka sa, buɗaɗɗiya, bai yi ba. Ai tsukakkiyar ma a buɗe take, kaɗan ne dai. A ce wagaggiya.” Na juya maganar na ga tana da hujja, domin wage ba ya karɓar “kaɗan” da sauƙi kamar yadda buɗe yake karɓa. Wani abokina malamin Hausa kuma ya ce wagaggiya ta yi kama da zagi, ba za ta zauna a littafin makaranta ba. Har yanzu ba mu tsayar da magana ba. Wanda yake da kalmar da ta fi waɗannan biyun a karin harshensa, na Kano ne ko na Damagaram ko na Sakkwato, ya taimaka mana da ita, zan kai wa Auta ta gwada ta a jikin ƙyaure.